Daga Unguja Zuwa Pemba, a Bayan Kanumfari

Maigidana aka gayyata taron aiki a Darussalam, ni kuma na ce ƙafata ƙafarsa, amma bisa sharaɗin in an tashi daga taron za mu haye teku zuwa Zanzibar, tsibiran Tanzaniya da manyansu biyu su ne Unguja da Pemba. Biza ce ta fi ba mu jira, don sai da muka nema tun muna gida aka ɗauki makonni kafin ta fito. Jirgin sama ta Adis Ababa da zaman otal a Darussalam ba su da wani labari. Shi yana ɗakin taro, ni ina kallon cunkoson motoci ta taga.

Labari ya fara ne a tashar jirgin ruwa. Kafin mu sauka daga tasi 'yan kamasho sun yanyame mu, kowa na rantsuwa cewa shi ne ma'aikacin tashar, wani har ya sa hannu a jakata. Direban ya daka musu tsawa, ya nuna mana tagar sayar da tikiti ta gaskiya. A lokacin baƙo yana biyan dala 35 a kujerar talaka, 'yan ƙasa kuwa da shilin suke biya, kuma kuɗinsu bai kama ƙafar namu ba. Akwai kuma inshorar dole ta dala 44 da gwamnatin Zanzibar ta ɗora wa duk baƙon da zai shiga tun watan Oktoba na 2024, ko da kana da wata inshorar a hannu. Tafiyar awa biyu ce. Da muka sauka a Unguja sai ga layin jami'an shige da fice, ana duba fasfo ana buga hatimi, ana tambayar katin rigakafin shawara, kamar mun shiga wata ƙasa dabam. Dalili shi ne lokacin da Tanganyika da Zanzibar suka haɗe a watan Afrilun 1964 suka zama ƙasar da ake kira Tanzaniya a yau, tsibiran sun riƙe shugabansu da majalisarsu da wasu hukumominsu. Jami'ar da ta karɓi fasfona ta ga sunana ta yi mini sallama cikakkiya, ta ce baƙuwa amma 'yar gida.

Mun kama ɗaki a tsohon gari, cikin wani gida mai hawa uku da ƙofar katako mai ƙusoshin tagulla. Mota ba ta shiga lungunan, sai wani yaro ya tura kayanmu a baro. Gadon yana da tsayi har sai an taka ɗan benci, ga gidan sauro an ɗaura masa. Da asuba masallatai suka kaure da kiran salla ta kowace kusurwa, bayan salla kuma na leƙa na ga dattijo yana zagayawa da butar gahawa a kan garwashi, yana kaɗa 'yan ƙananan kofuna a hannu don a san ya iso. Gahawar baƙa ce mai ɗaci, wadda muka sha an jefa mata citta da kadamom, ana haɗa ta da alewar gyaɗa ko ta kwakwa. Wannan ne ƙanshin farko da garin ya tarbe ni da shi.

Washegari muka nufi gonakin kayan ƙanshi da ke Kizimbani. Mun hau motar haya daga kasuwar Darajani, irin wadda ake zama fuska da fuska a bayanta, gwiwa na gugar gwiwa, kwandon kifi a ƙarƙashin ƙafa. Sau biyu 'yan sandan hanya masu fararen kaya suka tsayar da mu, yaron mota ya dira ya je ya dawo, aka ci gaba. Ba wanda ya ce uffan.

A gonar wani saurayi ya karɓe mu da 'yar wuƙa a hannu. Salonsa shi ne ya murje ganye ko ya kankare ɓawo ya miƙo maka, ka shinshina ka faɗi sunan abin. Da kirfa ya fara. Ya yanko ɓawon bishiyar, danshi-danshi, ƙanshin da kowa ya sani. Sai ya murje ganyenta, na ji kamar kanumfari. Sai ya tono saiwarta, ita kuma ta bugi hancina kamar man shafawa na mura. Bishiya ɗaya, ƙanshi uku. Asalin kirfa ta gaske Siri Lanka ne, kuma naɗaɗɗen da muke saye ɓawon ciki ne da ke naɗe kansa yayin da yake bushewa.

Masoro kuwa yaɗo yake, yana hawa jikin wata bishiya, 'ya'yansa jere a zangarniya. Kore da baƙi da fari duk abu ɗaya ne: in an tsinke shi ɗanye aka shanya sai ya yi baƙi ya yamutse, in an bar shi ya nuna aka jiƙa aka murje fatar sai ya fito fari. Na tauna ƙwaya ɗaya ɗanya, da farko shiru, can sai ta kama mini maƙogwaro. Ina tari yaron yana dariya yana ba mu labarin Vasco da Gama, wanda ya zagayo ƙasan Afirka ya bi wannan gaɓar ta Mombasa da Malindi har ya isa Kalikut a Indiya a 1498, ba don komai ba sai don Fotugal ta sayi wannan ƙwayar daga tushe ba tare da ta bi ta hannun Larabawa da 'yan birnin Benis na Italiya ba.

Abin da ya fi tsaya mini a ido gyaɗar ƙamshi ce. A bishiya kamar ƙaramin lemo take, rawaya. Ya tsaga ta biyu, sai ga ƙwallo baƙi mai sheƙi, an lulluɓe shi da wata jar raga kamar an saƙa da zare. Ragar ma kayan ƙanshi ce mai zaman kanta, ana ɓare ta a shanya daban, kuma ta fi ƙwallon laushin ƙanshi. A da, duk duniya ba inda ake samun wannan bishiya sai 'yan tsibiran Banda a Indonesiya ta yau. Don su mallake cinikinta 'yan Holan suka afka wa tsibiran a 1621 ƙarƙashin Jan Pieterszoon Coen, suka kashe mafi yawan mutanen wurin, suka kwashe saura bayi. A yarjejeniyar Breda ta 1667 kuma Ingila ta haƙura da Run, ɗaya daga tsibiran Banda masu gyaɗar ƙamshi, Holan ta haƙura da Manhatan, inda tsakiyar birnin New York yake a yau. A lokacin, Holan ce ake ganin ta ci riba.

Banila ma mun gani, tana yaɗo a inuwa, kwafsonta kore kamar na wake, ba ta da ƙanshi ko kaɗan sai an turara an shanya an adana na watanni. Daga Meziko aka fito da ita, kuma a wajen ƙasarta ba ƙwaron da ke yi mata barbara, don haka da hannu ake yi, fure ɗaya bayan ɗaya, a safiyar da ya buɗe, don kwana ɗaya kawai yake yi. Wani yaro bawa ɗan shekara 12 mai suna Edmond Albius ne ya gano dabarar a tsibirin Riyuniyon da ke Tekun Indiya a 1841, da ɗan tsinke da babban yatsa. Har yau haka ake yi. Ya mutu cikin talauci.

Sai dai gaskiya, gonar nan ta 'yan kallo ce. Bishiya biyu ta wannan, uku ta wancan, an jera su don baƙo ya zagaya cikin awa biyu. Yara na biye da mu suna saƙa mana hula da jaka da ganyen kwakwa, wani ya hau bishiyar kwakwa yana waƙa, a ƙarshe kowa ya tsaya yana jiran ɗan abin hannu, sannan aka kai mu rumfar da ake sayar da ƙulle-ƙullen garin kayan ƙanshi a farashin da ya ninka na kasuwa. Ban ga laifinsu ba, sana'a ce, kuma na ƙaru. Amma da na tambayi saurayin ina ake noman kanumfarin da ake lodawa a jirgi, sai ya ce, "Hajiya, nan ai hoto ne. In kanumfari kike nema sai Pemba."

Kafin mu tafi can mun shiga majami'ar Angilika da ke Mkunazini, wadda aka gina a filin tsohuwar kasuwar bayi bayan an rufe ta a 1873. A nan ne tarihin kanumfari ya haɗu mini wuri ɗaya. Shi ma baƙo ne a Zanzibar. Asalinsa tsibiran Maluku ne na Indonesiya ta yau, kuma shi ma 'yan Holan sun tsare shi, suna sare bishiyoyin da ke wajen yankin da suke iko da shi don kada farashi ya faɗi. Wani Bafaranshe, Pierre Poivre, ya sa aka sato irin zuwa tsibirin Morishus da ke Tekun Indiya a 1770, daga tsibiran wannan yankin kuma ya iso Zanzibar a farkon ƙarni na 19. Sarkin Oman, Sayyid Sa'id bin Sultan, ya ga abin da ke ciki, ya matsa wa masu filaye su shuka, daga baya ma ya taso da fadarsa daga Maskat ya dawo nan. Kanumfari aiki ne na hannu da yawa, hannayen kuwa na bayin da ake kamowa daga cikin nahiyar Afirka ne, har daga yankin tafkin Tanganyika da na Malawi. A harabar majami'ar akwai ɗakunan ƙarƙashin ƙasa guda biyu da ake nuna wa baƙi, rufinsu ƙasa-ƙasa, iska na shiga ta 'yar tsaga. Ban iya daɗewa a ciki ba. Ba a soke halaccin bauta a tsibiran ba sai a 1897.

Da daddare muka je filin Forodhani a bakin teku, inda masu abinci ke kafa tebura. Kifi da sauran naman teku da aka jera a tsinke sun fi kyau a ido, wasu an gasa tun ɗazu ana ta ɗumamawa. Abin da ya burge ni urojo ne, wani romo mai kauri, rawaya saboda kurkum, mai tsami saboda ɗanyen mangwaro da lemon tsami, a zuba dankali da ƙosai da soyayyen rogo a ciki, a ɗiga yajin kwakwa. Muka bi da ruwan rake da aka matse tare da citta da lemon tsami.

Tafiya Pemba ta jirgin ruwa ce ta gwada mu. A watan Satumba muka je, ƙarshen lokacin iskar kudu, wadda tun zamanin da take mayar da jiragen filafilai zuwa ƙasashen Larabawa da Indiya bayan iskar arewa ta kawo su. Muddin jirgi yana bin gefen Unguja lafiya lau ne. Da ya wuce ƙarshen tsibirin ta arewa ya shiga mashigi mai zurfi, sai ya fara tashi yana faɗuwa. Ma'aikata suka zagaya suna raba leda, kuma kusan kowa ya yi amfani da tasa, ni ma haka. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta kwance bakin mayafinta ta ba ni guntun busasshiyar citta ta ce in tauna. Kowa a jirgin ya san a wannan mashigin ne jirgin Spice Islander ya nutse a watan Satumbar 2011 da ɗaruruwan mutane, shi ya sa da igiyar ruwa ta yi ƙarfi sai surutu ya ɗauke, sai salati. Akwai ƙaramin jirgin sama da ke yin tafiyar cikin kusan rabin awa, shi muka hau a dawowa, ba tare da an yi gardama a kan kuɗinsa ba.

Pemba ba ta yi kama da Unguja ba. Tudu ne da kwari, kore shar, hanya na murɗawa, baƙi kuma 'yan kaɗan. Tun daga tashar Mkoani ƙanshin ya tare mu, domin gefen titi duk tabarmi ne an baza kanumfari, a ƙofar gida, a filin makaranta, har a bakin kwalta inda sai direba ya kauce. Launin shanyar ke nuna kwananta: ta yau kore ce da ɗan ja-ja, ta jiya ta fara yin ƙasa-ƙasa, wadda ta kusa ɗauka ta yi duhu. Guguwar da ta afka wa Unguja a 1872 ta kakkarye yawancin bishiyoyin can, Pemba ta tsira, tun daga nan ta zama uwar noman.

Masaukinmu a Chake Chake ƙaramin gidan baƙi ne, ruwan famfo sai an yi sa'a, wuta na zuwa tana tafiya. Direban da muka ɗauka ya ce mahaifinsa na da bishiyoyi a ƙauye, in muna so mu je. Muka je. Dattijon ya fito da zane ɗaure a ƙugu da hula mai ɗinkin hannu, ya riƙe hannun maigidana ya daɗe bai saki ba. Bishiyoyin dogaye ne, wasu sun haura mita 10, ya ce kakansa ne ya shuka su, kuma wanda ya dasa sabuwa sai ya jira shekara biyar zuwa bakwai kafin ya ga amfaninta. Kanumfari fure ne da ba a bari ya buɗe ba. Ana tsinke shi daidai lokacin da ya fara juyawa daga kore zuwa ja, in aka yi sakaci ya buɗe, darajarsa ta zube. Samari ke hawa da igiya da ƙugiya, su janyo reshe, su karyo gungun su jefa a buhun da ke rataye a wuyansu. Rassan ba su da ƙwari. Dattijon ya nuna mana wani maƙwabcinsa da ke tafiya da sanda, ya ce daga sama ya faɗo, kuma ba kakar da ke wucewa ba a kai wani asibiti ba.

Da yamma aka zube abin da aka tsinko a tsakar gida, mata da yara suka kewaye shi. Za ka ɗauki gungu a hannu ɗaya, ka goga shi a tafin ɗayan, ƙwayoyin su zube, sandunan su rage. Na zauna na taya su, kafin wani lokaci tafina ya yi zafi ya yi baƙi, yarinyar da ke gefena kuwa ta tara ninkin nawa ba ta ko kallon hannunta. Sandunan ma ba a zubarwa, ana sayarwa a tatsi mai. Bayan kwana huɗu ko biyar a rana, abin da ya rage bai wuce kashi ɗaya cikin uku na nauyin ɗanyen ba. In hadari ya taso kowa sai ya bar abin da yake yi ya ruga kwashe tabarmi, don ruwa na taɓa shi ya sauka daga daraja ta ɗaya.

Maganar daraja ce ta kawo ta farashi. A Zanzibar manomi ba ya sayar wa wanda ya ga dama. Kamfanin gwamnati, ZSTC, shi kaɗai ke saye, shi ke rarraba kaya daraja-daraja, shi ke yanka farashi. Shi ya sa aka daɗe ana fasa-ƙwaurinsa cikin dare a kwale-kwale zuwa Kenya, shi ya sa kuma a shingen da muka wuce a hanyar dawowa ɗan sanda bai damu da fasfonmu ba, but ɗin mota ya sa aka buɗe. Dattijon bai zagi kowa ba. Ya ce dai, "Ɗana, bishiyar tawa ce, faɗuwar tawa ce, sikelin ne ba nawa ba." Yau Indonesiya ce ta fi kowa noman kanumfari, kuma yawancinsa ba a tukunya yake ƙarewa ba, a cikin tabar da suke naɗawa da shi yake ƙonewa.

Matar gidan ta ce ba za mu tafi ba sai mun ci pilau, wato dafa-dukar shinkafa mai kayan ƙanshi, ni kuma na bi ta madafa, 'yarta na yi mana tafinta. Na zaci a gidan da kanumfari ke zube buhu-buhu za a ɗebo da hannu a watsa. Ƙirgawa ta yi. Ga tukunyar da za ta ciyar da mutum goma, abin da ta ɗauka bai cika tsakiyar tafin hannu ba. Na ce, "Mama, wannan zai isa?" Ta ce, "'Yata, shi ba ya son a ji muryarsa ita kaɗai. In ya yi yawa sai ya kashe harshe, ba za ki ji naman ba." Ta jiƙa shi a ɗan ruwa tare da sandar kirfa da kadamom da ƙwayar masoro da kumin, duk ba a daka ba. Albasa ta fara soyawa, ta bar ta har ta yi duhu sosai, saura ƙiris ta ƙone, ta ce daga nan launin shinkafar ke fitowa. Sannan ta tsame kayan ƙanshin ta zuba a man, suka yi ƙara, ta bi da dakakkiyar tafarnuwa da citta, sai nama da romonsa, sai dankali, sai shinkafa. Mu da muka saba dakawa mu barbaɗa a ruwan miya, a nan na ga bambancin: mai mai zafi ne ke jawo ƙanshin daga cikin ƙwayar ya raba shi ga kowace shinkafa, garin kuwa rabin ƙarfinsa ya riga ya tafi tun a turmi. Da ruwan ya tsotse ta rage wutar ƙasa, ta rufe, ta kwaso garwashi ta zuba a kan murfin.

A faranti ɗaya muka ci, mata a ciki maza a waje, da haɗin tumatir da albasa da lemon tsami, da ayaba a gefe. Duk wanda ya ci karo da ƙwayar kanumfari ko sandar kirfa sai ya ture ta bakin faranti. Bayan an gama aka kawo shayi da aka dafa da ciyawa mai ƙanshin lemo da citta. Kanumfarin da ya fi yawa a gidan ba na girki ba ne: kwalbar mansa da ake ɗiga wa haƙori mai ciwo, ana kuma shafa wa gwiwar dattijon.

Tsarabar sai da muka koma Unguja na saya a Darajani, don ɗaukar mai yawa daga Pemba sai da takarda. Matar nan ta riga ta koya mini yadda zan zaɓa. In danna farce a jikin ƙwayar, in mai ya fito to mai kyau ce. In duba kan, ya kasance ƙulli yana nan bai faɗi ba. In kuma mai kaya zai yarda, in jefa kaɗan a kofin ruwa: mai nauyin mai nutsewa yake ko ya tsaya a tsaye, wanda aka riga aka tatse kuwa kwanciya yake a saman ruwa. Mai rumfar farko ya ƙi kawo kofi. Na biyu ya kawo yana dariya, ya tambaye ni wa na sani a Pemba, sannan ya rage mini shilin dubu biyu a kan kowane rabin kilo.